Darasi: Me Ya Sa Taswirar Waya Ke Nuna Ƙasa a Wurin da Ruwa Yake?

Jama'a, da yawa daga cikinmu muna dogara da taswirar waya idan tafiya ta kama mu zuwa Abidjan neman takardu, asibiti ko 'yan uwa. Manhajojin da ke aiki ba tare da intanet ba, irin su OsmAnd da Organic Maps, suna ɗebo bayanansu ne daga OpenStreetMap. Steve Coast ne ya kafa ta a Ingila a 2004, kuma masu sa kai ne ke zana ta. Kungiyoyin agaji sun amfana da ita sosai tun girgizar ƙasar Haiti ta 2010. Sai dai aikin hannun mutane ne, kuskure yakan shiga.

Yadda ake zana fili

A wannan taswira, hanya layi ce mai farko da ƙarshe. Tafki, kasuwa ko gini kuwa kewaye ne: dole layin ya zagayo ya koma ɗigon da ya fara, kamar dangar da aka rufe ƙofarta. Sai an rufe sannan kwamfuta take sanin ina ne ciki, ina ne waje, ta shafa launi. Babban ruwa mai tsibirai yana buƙatar kewaye na waje, da ƙananan kewaye na ciki da ke nuna ƙasa.

Kewaye yakan lalace ta hanya uku: a bar giɓi, ko layi ya gitta kansa, ko a manta a nuna cewa na ciki tsibiri ne. Idan haka ta faru, manhaja takan ƙi zana wurin gaba ɗaya, ko ta shafa launi inda bai kamata ba. Wata manhajar kuma tana ƙoƙarin ɗinke giɓin da kanta, shi ya sa wayoyi biyu kan nuna wuri ɗaya daban.

Abin da ya shafe mu a Abidjan

An gina birnin ne a bakin tafkin Ébrié. Mashigin Vridi, wanda aka buɗe a 1950, shi ya haɗa tafkin da teku, aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951. Adjamé, inda manyan tashoshin mota suke, tana arewa. Treichville da yankin tashar jiragen suna kudu, a tsallaken ruwa. Mai zuwa can daga Adjamé ta Plateau sai ya bi gadar Houphouët-Boigny ko ta De Gaulle, ko ya shiga jirgin ruwan fasinja.

Da a ce kewayen tafkin ya lalace, waya za ta iya nuna farin fili a kan ruwa, baƙo ya ɗauka zai ratsa da ƙafa tare da yara. Da a ce na tashar jiragen ne, wurin zai yi kama da filin da ba mai shi, alhali yanki ne mai shinge da masu tsaro, ba a shiga sai da izini. Ga mai ɗauke da takardar gudun hijira kaɗai, wannan ɓatan kai na iya jawo tsarewa da tambayoyi.

Abin da za mu yi

1. Idan muka ga launi ya yanke tsaf kamar da wuƙa, ko hanya ta bi kan ruwa ba alamar gada, mu yi shakka.
2. Mu sabunta taswira kafin mu tashi. Wadda aka sauke tuntuni tana riƙe da tsohon kuskure ko da an gyara shi.
3. Mu rubuta sunan unguwa da gada a takarda, mu tambayi direba ko mai shago.
4. Kada mu ƙetare shinge don waya ta nuna hanya.
5. Wanda ya ga kuskure yana iya barin saƙon gyara a shafin OpenStreetMap. Kada ya sa sunansa, lambarsa ko wurin kwanansa, domin kowa na iya karantawa.

Mai shirin tafiya ya biyo ta ofishin kariya, mu duba hanyar tare kafin ya sayi tikiti.