Kafin ka zama mai sharhi

'Ya'yana masu zama a teburin mai shayi a bakin Titin Ibrahim Taiwo, ina jin muhawararku idan na wuce da yamma, kowa da waya a hannu, kowa ya san wanda zai ci zaɓe da wanda zai sha ƙasa. Ina jin daɗin hakan, domin garin da samarinsa suka daina maganar siyasa ya shiga uku. Sai dai ina so ku ba ni aron kunnenku in ba ku labarin wasu baƙi biyu.

Na farko Ba'amurke ne, Gerald Curtis, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Columbia. Yana saurayi ya tafi Japan, ya iya harshensu, ya tare a wajen wani ɗan takara mai suna Sato Bunsei a lardin Oita, ya bi shi lungu-lungu har zaɓen 1967. Littafin da ya fitar a 1971 kan yadda ake neman ƙuri'a a can shi ya buɗe masa ƙofa, har ta kai Japanawa da kansu suna kiransa talabijin ya fassara musu siyasarsu.

Na biyun namu ne, in dai baƙo yana zama na gida. John Paden ya zo Kano 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ya zauna gaban malaman Tijjaniyya da Ƙadiriyya, ya saurari fadawa da 'yan NEPU. A 1973 ya fitar da littafinsa kan addini da siyasar Kano. Ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero, kuma a 1986 ya wallafa tarihin Sardauna, littafin da har yau duk mai rubutu kan Jamhuriya ta Farko sai ya leƙa shi. Ku lura da tsawon lokacin: wajen shekara ashirin yana tambaya kafin ya ɗauki alƙalami kan Sardauna.

Ban ce ku haɗiye maganar baƙo ba tauna ba. Littafinsa na 2016 kan Buhari ya sha suka, wasu na ganin ya yi wa mai mulki sassauci, ni ma haka na gani. Kuma marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya daɗe yana jan kunnen ɗalibai cewa kowane marubuci, na gida ko na waje, da tabarau ɗin da yake kallo da shi. Abin koyi a wurin waɗannan baƙi biyu shi ne haƙurin zama da iya sauraro.

To, ku da kuka sha Hausa a nono, me ya hana ku? Nan inda kuke zaune tarihi ne kwance. A Kano aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, Fagge kuwa ta zama ɗaya daga cikin manyan sansanoninta. Tsakanin Fagge da Sabon Gari aka yi tarzomar watan Mayun 1953. Titin ma sunan Kanar Ibrahim Taiwo yake ɗauke da shi, gwamnan Kwara da aka kashe rana ɗaya da Janar Murtala, 13 ga Fabrairu 1976. A cikin Kantin Kwari da zaurukan Fagge akwai dattawan da suka ga zamanin jam'iyyu masu alamar tauraro da fartanya, da yawa kuma sun jefa wa jam'iyya mai alamar makulli ƙuri'a a 1979, sun san abin da ya raba ta gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. Irin tsohon nan da ke kishingiɗe kan dilar atamfa da carbi a hannu, idan ka durƙusa ka gaishe shi da ladabi, zai gaya maka wanda aka ɗaure, da alƙalin da ya ɗaure shi, da matar da ta riƙa kai masa tuwo gidan yari. Dattawan nan kullum raguwa suke yi, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wayar nan ta hannunku tana ɗaukar murya. Ku nemi izinin dattijo, ku bar shi ya yi magana ba katsewa, ku rubuta rana da wuri. Abin da ya faɗa ku gwada shi da na wani, ko da ɗan wata jam'iyya ne, ku haɗa da Ibo da Yarabawan Sabon Gari da aka haifi iyayensu a nan. Sannan ku je Gidan Mambayya a Gwammaja ku duba takardu. Don Allah ku fara da tsohon da ke gidanku, a wannan makon. Allah Ya yi muku albarka.