Yadda Na'ura Ta Koyi Ƙidayar Itatuwan Gona

Duk wanda ya tashi daga Babban Mutum a Ƙaramar Hukumar Ɓaure ya nufi Magariya ta ƙasar Nijar, zai ga gawo da kuka da tsamiya warwatse a cikin gonaki. Da yake ba su haɗu sun zama kurmi ba, taswirorin dazuzzukan duniya sun daɗe suna nuna irin wannan yanki tamkar fili fetal. Abin da ba a san yawansa ba kuwa, da wuya a gane yana ƙaruwa ko yana ƙarewa. To, wa zai iya ƙidaya su ɗai-ɗai?

Koyar da na'ura

A shekarar 2020 Martin Brandt na Jami'ar Kwapanhagan a ƙasar Danmak da abokan aikinsa, ciki har da masanan hukumar NASA ta Amurka, suka bayyana wata dabara. Da farko an zana da'ira da hannu a kan itatuwa kusan 90,000 a hotunan tauraron ɗan'adam. Aka ba na'ura mai ƙwaƙwalwa waɗannan misalai: ta yi hasashen inda itace yake, ta gwada da zanen mutum, ta gyara lissafinta, ta sake, har kuskurenta ya ragu ƙwarai. Daga nan aka sakar mata hotuna fiye da 11,000 na yammacin Sahara da Sahel, ta gano itatuwa biliyan 1.8. A 2023 aka faɗaɗa aikin daga Tekun Atalantika zuwa Bahar Maliya, har da arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Hotuna sama da 300,000 suka ba da itatuwa biliyan 9.9.

Wahalhalun da yawa ke kawowa

Na farko, babu na'ura guda da za ta ɗauki wannan kaya. Sai a yanyanka hotunan ƙanana, a rarraba wa dubban na'urori su yi aiki lokaci ɗaya kamar aikin gayya, sannan a harhaɗa sakamakon.

Na biyu, yawan misalai ba ya wadatarwa sai sun bambanta. Na'urar da ta koyi itace a kan farin rairayi kaɗai za ta ruɗe a jar ƙasa. Haka kuma ciyawar damina na iya yi mata kama da ganyen itace, shi ya sa aka zaɓi hotunan rani. A nan ɗabi'ar gawo ta taimaka, domin da rani yake fitar da ganye, da damina ya kakkaɓe.

Na uku, ƙaramin kuskure yana girma tare da adadi. Kuskuren kashi 1 cikin 100 a itatuwa biliyan 10 ya kai itatuwa miliyan 100. Saboda haka wajibi ne a je gona a auna wasu itatuwan da hannu, a gwada da abin da na'ura ta faɗa.

Aiki ga ɗalibai

Malami ya auna fili mai mita 100 kowane gefe kusa da makaranta, wato hekta ɗaya. Rukuni biyu na ɗalibai su ƙidaya itatuwan ciki, kowanne daban. Idan adadinsu ya saɓa, a bincika dalili: shin an yi ittifaƙi tun farko a kan abin da ya isa a kira itace?