Darasi: Man da Ke Cikin Ganyen Ɗaɗɗoya

Ɗaɗɗoya tana fitowa da kanta a bakin gona da gefen daji, musamman da damina. Wasu kuma suna shuka ta a bayan ɗaki don miya da korar sauro. Idan aka murza ganyenta, ƙamshi mai ƙarfi zai tashi. Wannan ƙamshi daga wani mai yake fitowa, wanda ke ɓoye cikin ƙananan ƙwayoyi a jikin ganyen.

Don fitar da man, ba matsa ganyen ake yi kamar gyaɗa ba. Masana suna turara shi da tururin ruwan zafi. Tururin ya ɗebo man, ya bi ta bututu mai sanyi, ya koma ruwa. Sai man ya rabu, a kwashe shi. Ba shi da yawa: kilo 100 na ɗanyen ganye da ƙyar yake ba da lita 1.

Amfaninsa na farko shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta. A ɗakin gwaji akan shuka ƙwayoyin a faranti, a ɗiga man a tsakiya. Kashegari sai a ga fili fayau kewaye da ɗigon, inda suka kasa yaɗuwa. An ga haka a kan Staphylococcus aureus mai kawo maruru, da E. coli mai sa zawo. Sinadaran da ke wannan aiki su ne eugenol da thymol. Eugenol shi ne ke cikin kanumfari, likitocin haƙori ma suna aiki da shi. Thymol kuwa yana cikin ruwan kurkurar baki na Listerine.

Amfani na biyu shi ne rage ɓarnar da iska ke yi. Yadda iska da laima ke sa ƙarfe tsatsa, haka iska ke sa man girki ya sauya wari ya lalace. Sinadaran ɗaɗɗoya suna jinkirta wannan ɓarna.

Sai dai faranti daban, jikin mutum daban. Zallar man yana ƙona fata da baki. Ba a shan sa, kuma ba a ajiye shi inda yara za su kai. Mai zawo ko gyambo asibiti ya kamata ya nufa.

Tambayoyi
1. Yaya ake fitar da man ɗaɗɗoya?
2. Waɗanne sinadarai biyu ne ke cikinsa?
3. Me ya sa ba a shan zallar man?