Mai Zuwa Mabera Ba Layi: Abin da Wi-Fi Zai Yi Maka da Inda Zai Tsaya

Wani abokina da ya daɗe a Jidda zai zo ɗaurin auren ƙanensa a unguwar Mabera ta Sakkwato, sai ya aiko mini da tambaya: tsohon layinsa na Najeriya ya mutu, shin Wi-Fi na gidan da zai sauka zai ishe shi kira da amsa kira har ya koma? Masu irin wannan tambaya suna da yawa, tun daga masu zuwa daga Saudiyya da Gana har 'yan'uwanmu na Ƙonni da Yamai da ke shigowa Sakkwato ta Illela. Amsata ita ce zai ishe ka muddin kana cikin gidan, kuma wanda kake nema yana da babbar waya da data. Da zarar ka taka ƙofar gida, ko wata manhaja ta ce sai ta tabbatar kai ne, to buƙatar layi ta dawo.

Kira ta Wi-Fi iri biyu ne, kuma mutane na haɗa su. Na farko shi ne wanda kowa ya sani, na WhatsApp da Telegram da Messenger, daga manhaja zuwa manhaja. Wannan yana aiki ko da babu SIM a wayar kwata-kwata. Na biyu shi ne wanda ake gani a saitin waya da sunan Wi-Fi Calling, inda kiran lambarka ta ainihi da saƙon tes suke biyowa ta intanet maimakon ƙarfen sabis. Ba kowane kamfani ke ba da shi ba, kuma cikin masu bayarwar akwai waɗanda ba su barin ya yi aiki a wajen ƙasarsu. Mai son dogara da shi ya tambayi kamfaninsa, ya kunna, ya gwada tun bai hau jirgi ba. A Mabera ba za ka samu wanda zai kunna maka shi ba. A da ana kiran lambar waya kai tsaye ta Skype da kuɗi kaɗan, amma an rufe shi a watan Mayun 2025. Akwai sauran irinsa kamar Viber Out da Rebtel, sai dai mutanenmu da yawa ba su ɗaukar kiran da ya shigo da baƙuwar lamba.

Ka kuma san irin Wi-Fi ɗin da za ka tarar. A yawancin gidajen unguwa, abin da ake kira Wi-Fi ƙaramin akwati ne, MiFi, da SIM na MTN ko Airtel ko Glo a cikinsa. Za ka gan shi rataye a ƙusa jikin taga, an ɗaure shi da fawa bank da kyauro, domin nan ne kawai sabis ke shigowa da ƙarfi. Wayarka za ta nuna alamar Wi-Fi ta cika fal, amma wannan shaidar kusancinka da akwatin ne kawai. In sabis ya ɗauke a unguwar, ko yaran gida sun cinye datar a TikTok tun la'asar, alamar tana nan a cike, kiranka kuwa ba inda zai je. Saboda haka kafin ka iso ka tambayi mai masaukinka da kyau: intanet ɗin naku daga SIM yake, ko ta waya aka jawo shi, ko na tauraron ɗan adam ne? Starlink ya shigo Najeriya tun Janairun 2023, amma tsadarsa ta sa ba kowane gida ke da shi ba.

Sakkwatawa sun ga illar ɗaukewar sabis da idonsu a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse sadarwa a Zamfara, sannan aka biyo da ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Cikin birni bai shiga ciki ba, amma mutumin Isa ko Sabon Birni da ke da MiFi a gida ba abin da ya amfana masa, tunda uwar da ke ba akwatin sabis ita aka kashe. Mutane sun riƙa yin tafiya mai nisa don kawai su buga waya su ce suna lafiya. Ni dai har yau ina ganin talaka ne ya fi ɗanɗana kuɗar wannan mataki. Na kawo shi ne don wanda zai wuce Mabera ya leƙa dangi a ƙauye ya san cewa can ko layin ma ba tabbas gare shi ba.

Wuta kuma sai addu'a. Ka zo da fawa bank mai ƙarfi, ka tambaya ko gidan na da sola. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, akwatin da aka bari a taga yana shan rana yakan yi zafi ya tsaya da kansa, don haka a sauke shi da hantsi.

Yanzu ga tarkon da ya sa na zauna yin wannan rubutu. WhatsApp ɗinka a ɗaure yake da lambar da ka buɗe shi da ita. Muddin ba ka taɓa komai ba zai yi ta aiki a kan kowane Wi-Fi. Amma ranar da ka canja waya, ko aka goge manhajar aka sake saukewa, zai nemi lambobi 6 da zai turo wa wancan layin ta tes ko ta kira. In layin ba ya kama sabis a inda kake, lambobin ba za su iso ba.

Na ga yadda wannan ya ɗaure ɗan kawuna da ya zo daga ƙasar waje ta'aziyyar mahaifiyarsa. Washegarin isowarsa wayar ta faɗi a tsakar gida, gilashin ya tsage, aka kai wa mai gyara. Yaron ya canja gilashi, ya ga wayar na nauyi, sai ya yi mata wankin ƙwaƙwalwa ba tare da ya tambayi kowa ba, a ganinsa alheri ya yi. Da aka dawo da ita fes, manhajar ta ce a sa lambobin da aka tura. Layinsa na can ba a buɗe masa yawon ƙasashen waje ba, saƙo bai shigo ba. Ya yi ta danna a sake turowa, ita kuma tana ƙara masa lokacin jira, daga mintuna har ya koma sa'o'i. Ga mutum zaune kan tabarmar zaman makoki, ana ta shigowa ana yi masa gaisuwa, matarsa da 'ya'yansa na can suna kira ba ya shiga, ba su san ko lafiya ba. Lambar matar tasa ma ba ya riƙe da ita a ka, tana cikin abin da aka goge. Yayarsa ce ta ce masa, “Kai dai ka yi haƙuri, Ɗan'auta, a nemo lambar ta wurin surukanka.” Sai da aka bi ta hannun mutum uku kafin aka same ta a wayar wani. Kamfanin layinsa kuma ya ce buɗe masa hanya sai an tura lambar tabbatarwa zuwa layin nan dai da ba ya kamawa.

Ba na ganin laifin wannan tsari, domin shi ke hana ɓarayi sace asusun mutane. Shiri ne yake buƙata tun daga gida. Ka sa a buɗe wa layinka na can damar aiki a Najeriya, ka kashe masa data don kada a kwashe maka kuɗi, ka bar shi a wayar saboda karɓar saƙo kawai, wanda galibi ba a cajin kuɗi a kansa. Ka saka adireshin imel da lambar sirri ta mataki biyu a WhatsApp ɗinka. Ana iya haɗa asusu ɗaya da wasu na'urori har 4, ciki har da wata wayar, to ka haɗa tsohuwar wayarka ka jefa ta a jaka. In ta hannunka ta lalace, wannan za ta riƙe ka kwana 14 kafin ta fitar da kai. Ka rubuta lambobi biyar ko shida na mutanen da ba za ka iya rasa su ba a takarda, ka sa cikin fasfo. In za ka ba mai gyara waya, ka faɗa masa da bakinka kada ya goge komai, in da hali ka tsaya a kansa. In ka sa sabon SIM manhajar ta tambaye ka ko za ka canja lamba, ka ce a'a. Wanda duk ya kira ka ya ce ka karanto masa waɗannan lambobi 6, ko da ya ce daga rukunin 'yan biki yake, ɗan damfara ne.

Banki ma haka yake. Manhajar banki za ta buɗe a kan Wi-Fi, amma lambar tabbatar da tura kuɗi sau da yawa ta tes take zuwa, kuma lambobin nan na tauraro da ake dannawa ba sa aiki sai da sabis. Ka riƙe tsabar kuɗi da katin cirewa, masu POS na nan a kowace kwana.

Sai batun mutanen da za ka fi buƙata. Gwaggonka da ta rene ka ƙaramar waya ce mai tocila a hannunta, ba ta san wata data ba. Haka limamin da zai ɗaura auren, haka ɗan kabu-kabun da za a ce ya zo ya ɗauke ka. Mabera unguwa ce mai faɗi da lunguna, ba a neman gida da lamba, da kwatance ake yi. Za a ce maka wajen Gidan Jariri, ka wuce masallaci, ka karya dama wurin mai shayi, in ka zo nan ka kira. Wannan “ka kira” ɗin shi ne ba za ka iya ba. Ɗan kabu-kabu zai ce maka, “Alhaji, in ka hito ka yi min fulashin,” kai kuwa Wi-Fi ya rabu da kai tun a zaure. In kuma ya lura baƙo ne kai da ba ka da hanyar tambayar kowa, kuɗin zai ninka, don haka ku yi ciniki kafin ka hau. Da damina ruwa kan kwanta a wasu hanyoyin Mabera, mai babur ya sauke ka nesa da inda aka kwatanta maka. Ka sauke taswirar Sakkwato ta Google Maps a wayarka tun kana da intanet, ka sa mai masauki ya turo maka alamar gidan, domin tana nuna inda kake ko ba sabis.

Ka kuma sani, lambar gaggawa ta 112 ba ta shiga ta WhatsApp.

Shawarata ga duk wanda zai wuce kwana biyu ita ce ya nemi layin gida. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma bayan wa'adin ƙarshe na 14 ga Satumban 2024 an toshe waɗanda ba a haɗa ba. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kuwa kamfani na iya karɓewa ya sayar wa wani, shi ya sa wasu ke kiran tsohuwar lambarsu su ji baƙuwar murya. In kana da NIN ka zo da ita, hukumar NIMC na da wuraren rajista a ƙasashen waje ma. Wanda ba ɗan ƙasa ba ya je ofishin kamfanin kansa da fasfonsa. Kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani a bakin titi, haramun ne a doka, kuma ba ka san abin da aka aikata da shi ba. In duk hakan ya gagara, ka roƙi aron ƙaramar waya a gidan, ka sa mata kati da kanka. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kati ya zama abin lissafi a kowane gida, bai dace baƙo ya zo ya ƙone na masu masauki da kiran bidiyo ya tafi ba. Kiran murya bai cika cin megabayit ɗaya a minti ba, na bidiyo kuwa ya ninka haka sau da yawa. Ka sayi datar wata guda ka zuba a akwatin gidan ranar da ka iso.

In iyalinka a Dubai suke, kiran WhatsApp a toshe yake daga ɓangarensu, ku shirya wata manhajar da ke aiki can, kamar Botim, tun kafin ku rabu. Mai sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III kuma ya tura wa wanda zai tarbe shi lokacin saukarsa tun yana Abuja ko Legas, ku tsayar da wurin da za ku haɗu, kuma ya san kalar rigar da ka sa.