Darasin Kasuwanci: Lissafin Lulluɓe Mota Da Leda Maimakon Fenti

Duk ɗan kasuwar da motarsa ke zirga-zirga tsakanin Kafanchan da Kwoi, ko Zonkwa da Kachiya, ya san abin da hanya ke yi wa fenti. Da rani jar ƙura ce da zafin rana, da damina kuwa, wadda a wannan yanki takan kama tun daga Afrilu har Oktoba, ga laka ga tsakuwa. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin mota ya yi tashin gwauron zabo, saboda haka wanda ya mallaki ɗaya tilas ya tattale ta. Wannan ne ya sa masu motoci suka fara sauraron masu cewa a lulluɓe mota da leda maimakon a kai ta wurin mai fenti. Darasinmu na yau zai duba ko wannan shawara tana biyan kuɗinta.

Ledar da ake magana a kai ba irin ta ƙulla kaya ba ce. Wata roba ce mai suna PVC, wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, an shafa mata gam a baya. Takan zo a naɗe, faɗinta mita 1.52, kuma ƙaramar mota takan ci mita 15 zuwa 18. Kamfanonin da suka yi suna wajen yin ta sun haɗa da 3M da Avery Dennison na Amurka, da Orafol na Jamus, masu tambarin Oracal, da Hexis na Faransa.

Dalilin kasuwanci ne ya yaɗa ta tun farko, ba ƙawa ba. A Jamus, alal misali, tun 1971 aka tilasta wa motocin tasi launi ɗaya, wato ruwan hauren giwa, launin da mai sayen mota na hannu ba ya marmari. Sai masu tasi suka koma sayen baƙar mota ko ruwan azurfa, su lulluɓe ta da leda mai launin da doka ta ce, in sun tashi sayarwa su ɓare, fentin asali ya fito sumul. Wannan shi ne jigon al'amarin: fentin kamfani dukiya ce. Duk wanda ya taɓa cinikin mota a Kaduna ko Abuja ya ga yadda dillali ke shafa jikinta yana neman inda aka sake fenti, domin da ya gano zai ce ta taɓa haɗari, ya kuwa zabge farashi.

To, amma leda iri biyu ce, kuma a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Akwai wadda ake zuba ta tana ruwa a kan faifai ta bushe. Wannan tana da laushi, tana bin lanƙwasar jikin mota, ba ta kuma cika tsukewa ba. Akwai kuma wadda ake murzawa tsakanin manyan ƙarafa har ta yi faɗi, kamar yadda ake murza ƙullin fulawa. Ita wannan ta fi araha, an kuma yi ta ne domin alluna da wurare masu shafaffen jiki. Da yake miƙa ta aka yi da ƙarfi, idan rana ta dake ta sai ta nemi komawa yadda take, bakinta ya janye, ƙura ta manne wa gam ɗin da ya fito, daga nan sai ɓarewa. A ido, ranar da aka manna, da wuya mai mota ya bambanta su. Saboda haka ya nemi ganin takardar bayan ledar, inda masu yi ke buga sunansu, ya kuma sa a rubuta masa suna da lambar samfurin a rasit.

Sa'an nan kada a ruɗu da shekarun da ke jikin talla. Shekara 5 zuwa 7 da ake ambata an ƙiyasta su ne bisa yanayin tsakiyar Turai, kuma a gefen mota da ke tsaye. Kamfanonin da kansu suna rage wa'adin ga ƙasashe masu zafi, su ƙara ragewa ga rufi da bonet, inda rana ke sauka kai tsaye. Motar da ke wuni a filin kasuwa ba rumfa, rufinta ne zai fara dusashewa.

Bari mu yi lissafi da alƙaluman misali, mai karatu ya sa nasa na gaskiya a madadinsu. A ce aiki da leda mai kyau ya ci naira 600,000 ya kai wata 36. Kowane wata ya tashi a kan kusan naira 16,700. A ce mai arahar ta ci naira 350,000 ta lalace a wata 12. Wannan ya kama kusan naira 29,200 a wata, ban da ladar ɓarewa, wadda takan yi tsada in gam ya ƙone a jikin fenti. A ƙara da kuɗin kai mota Kaduna ko Jos ko Abuja in ba a sami gwani a kusa ba, da kwana biyu ko uku da za ta yi ba ta aiki. Jimillar ce za a gwada da kuɗin fenti mai kyau.

A ganina, ga yawancin motocin da ke ɗaukar citta daga ƙauyukan Jaba da Kachiya, lissafin ba zai fita ba. Leda ba ta ɓoye aibi, fito da shi take yi. Lotsawa da tsatsa da cikon mai gyaran jiki duk za su bayyana, kuma fentin da aka yi a gareji kan biyo leda ranar ɓarewa. Ba ta kuma jure gogar buhu da igiya. Mai son kariya daga tsakuwa wata leda dabam yake bukata, fara garau mai kauri, wadda aka fi sa wa a bonet da gaban mota. Waɗanda abin zai fi yi wa rana su ne mai mota mai lafiyayyen fenti da ke da niyyar sayarwa nan gaba, da kuma makarantu, gidajen burodi da masu ruwan leda, waɗanda motarsu ita ce allon tallarsu. Su ma ba lalle ne su rufe mota duka ba, ƙofofi da baya sun wadatar.

Aikin kansa yana da sharuɗɗa. A yi shi cikin rufaffen ɗaki, musamman lokacin hunturu, domin ƙwayar ƙura ɗaya za ta yi ƙurji a ƙarƙashin leda. A wanke mota, a goge da sinadarin da ke cire maiko. Idan an taɓa fenti kwanan nan, a jira aƙalla wata guda ya bushe sosai. Bayan mannawa gwani yakan bi lunguna da bakuna da na'urar hura zafi har kusan digiri 90, domin ledar ta zauna. Wanda ya tsallake wannan, aikinsa zai ɗago. Bayan haka, a gargaɗi yaran wankin mota kada su sa ruwan inji a bakin leda, kuma fetur in ya zuba a goge nan take.

Sauran batun hukuma, wanda mutane suka fi sakaci da shi. Launin mota yana rubuce cikin takardunta, kuma dokokin hanya na ƙasa sun wajabta a nemi izinin ofishin lasin in za a sauya shi. Jami'in KASTLEA ko na Hukumar Kiyaye Haɗurra ko ɗan sanda a shingen Gidan Waya ba zai karɓi hujjar cewa leda ce ba fenti ba, abin da idonsa ya gani zai gwada da takarda. A sanar da kamfanin inshora shi ma. Mai sha'awar koren nan maras ƙyalli ya sani cewa tun 1977 akwai dokar da ta hana farar hula amfani da launin soja a jikin mota. Wanda kuma zai rubuta sunan kamfaninsa ya fara tambayar kuɗin izinin talla a jikin mota, ya sa shi cikin lissafi kafin ya biya kafin alƙalami.