Abincin Tarwaɗa da Yadda Take Kiwo

Ana samun tarwaɗa a kogunan Neja da Binuwai, da tafkin Kainji, da fadamun Haɗeja zuwa Nguru. Kifi ce wadda ba ta zaɓen abinci. Idan aka feɗe wadda aka kamo daga kogi, akan tarar da ƙwari, da tsutsotsi, da katantanwa, da ƙananan karfasa, har da 'ya'yan tsirrai a cikinta. Idanunta ƙanana ne, don haka da gashin bakinta guda 8 take laluben abinci a ƙasan ruwa. Shi ya sa ta fi kiwo da almuru da cikin dare.

Bayan ƙyanƙyasa, 'ya'yan kan rayu da ƙwanduwar da ke jikinsu na kimanin kwana 3. Daga nan sai su bukaci ƙananan halittun ruwa masu rai kafin su saba da garin abinci.

Abin da ya kamata malaman gona su fi jaddada wa manoma shi ne, tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. A kowane zubi akan sami 'yan kaɗan da suka fi saura saurin girma, kuma da zarar abinci ya makara sai su afka wa ƙanana. Sau da yawa manomi kan zargi ɓarawo ko tsuntsu, alhali ɓarnar daga cikin tafkin take. A riƙa tace su kowane mako biyu, ana ware manya daban.

Ƙananan kifi na bukatar abinci mai furotin kashi 40 zuwa 45 cikin 100, manya kuma 35 zuwa 40. Dusar masara ita kaɗai ba ta kai ko kusa ba. Sai an haɗa da garin kifi, da ƙuli-ƙuli, da waken soya. Lallai a soya waken, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna kuwa guba ne, a zubar da shi.

Idan kifi 1,000 ne, kowanne gram 100, nauyinsu kilo 100 ke nan. Kashi 3 cikin 100 na wannan, wato kilo 3, ya ishe su a yini, a raba safe da yamma. Lokacin hunturu ruwa kan yi sanyi, cinsu ya ragu. A rage musu, kuma a dakata da zubawa da zarar sun daina rububi, don saura yakan ruɓe ya ɓata ruwa.