Yadda Ake Gyara Kuskure a Tallan Tsohon Kwabo Bayan Gwanjo Ya Fara a Intanet

Kuɗin Turawa da kakanninmu suka kashe, su anini da kwabo mai huda, taro da sisi, sule da fataka, yanzu suna da masu nema a eBay da sauran wuraren gwanjo na intanet. Mai tara irin waɗannan sulalla abu huɗu yake saye: shekara, sunan sarki, ƙaramin harafin gidan da aka buga kuɗin, da irin ƙarfen. Ka kuskure ɗaya daga ciki, to abin da ka tallata daban, abin da ke hannunka daban. Ga yadda ake fita daga wannan matsala.

Ɗauko kuɗin ka sake dubawa

Galibi wani mai tayi ne zai aiko maka da saƙo cewa bayaninka bai dace da hotonka ba. Kada ka yi masa musu, kada kuma ka taɓa tallan tukuna. Ɗauko kuɗin, ka sa shi a haske, ka duba da gilashin ƙara girma, ka ɗora shi a ƙaramin sikelin masu zinariya.

Kwabon 1936 yakan kayar da mutane. A shekarar an buga kwabon Afirka ta Yamma da sunan Sarki George na Biyar, an kuma buga da sunan Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarauta a watan Disambar shekarar. Da yake huda ce a tsakiya, babu hoton kan sarki, sai ka karanta sunan da ke zagaye da baki kafin ka san na wanda ke hannunka. Sai ƙaramin harafin da ke kusa da hudar: H na gidan Heaton ne, KN na King's Norton, dukansu a Birmingham, wanda kuma ba shi da harafi na gidan buga kuɗin gwamnatin Ingila ne. Datti kan cike harafin, mutum ya rubuta cewa babu. Sule mai bishiyar kwakwa kuwa da azurfa aka fara buga shi a 1913, aka koma tagulla a 1920. Ita ma babbar azurfar nan ta Maria Theresa, mai nauyin giram 28, duk wadda aka sake bugawa 1780 ne a jikinta, ko da a ƙarni na ashirin aka yi ta. Wanda ya rubuta cewa tasa ta 1780 ce ba tare da hujja ba ya yi da'awar da ba zai iya karewa ba.

Duba agogo, ka duba ko an taya

A eBay waɗannan biyu ne ke yanke abin da za ka iya yi. Idan ba wanda ya taya kuma da sauran lokaci, shiga ka gyara take da bayani da hotuna, magana ta ƙare.

Idan an riga an taya, take da farashin farawa sun kulle. Muddin saura fiye da awa 12, kana da hanya biyu: ka ƙara bayanin gyara a ƙarƙashin na farko, ko ka soke tayin da aka yi ka janye tallan gaba ɗaya. Da zarar ya rage awa 12 ko ƙasa da haka kuma akwai tayi, ƙofar janyewa ta rufe. Ba za ka iya tsayar da gwanjon ba sai ta hanyar sallama wa wanda ya fi kowa tayi. Saboda haka ranar da ka gano kuskure ita ce ranar gyara. Kada ka ce bari gari ya waye, domin kafin ka tashi daga barci wa'adin zai iya wucewa.

Wa kuskuren zai cuta?

Nan ne ake buƙatar natsuwa. Ƙaramin kuskure, kamar harafin da ya faɗi a suna alhali hoto ya nuna komai sarai, ƙarin bayani ya wadatar. Amma idan kuskuren ya shafi ainihin abin da ake saye, misali ka ce na Edward ne alhali na George ne, ko ka ce azurfa ce ta fito tagulla, ko ka manta ba ka faɗi cewa an goge kuɗin da omo ko toka ba, to janye tallan. Shawarata ke nan ko da tayi ya yi sama. Dalili shi ne mutane da yawa a waya suke tayi, take kawai suke karantawa su kalli hoton farko, kuma wanda ya sa iyakar tayinsa tun jiya kwamfuta ce ke ci gaba da ƙara masa, ba zai dawo ya ga gyaran da ka liƙa a ƙasa ba. eBay za ta iya cajin ka la'ada don ka tsayar da gwanjo mai tayi. Biya, ya fi sauƙi a kan kuɗin aikawa zuwa Turai da dawowa.

Kuskuren da kai zai cuta hukuncinsa daban. Ka sa farashin farawa ƙasa ƙwarai, ko ka kira kuɗi mai wuyar samu da sunan na gama-gari. Idan da sauran lokaci, janye ka sake sawa. Idan lokaci ya ƙure, ƙara abin da tsarin ya bar ka ka ƙara, ka bar gwanjon ya tafi. Masu tara sulalla idonsu a buɗe yake, kuma sau da yawa a mintunan ƙarshe suke zuba tayi. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka kira ƙaninka ko abokinka ya shiga ya taya don ya ɗaga farashi ko ya ƙwato maka kayan. eBay na rufe asusu a kan wannan, kuma shi ne najashi da malaman fiƙihu suka hana tun kafin a san intanet.

Sanar da masu tayi da kanka

Kafin ka soke tayin kowa, rubuta masa. Saƙon ya zama gajere: abin da ka rubuta, abin da yake daidai, abin da za ka yi, da ranar da za ka sake sa kayan. Haɗa da sabon hoto na kusa wanda ya nuna harafin ko tabon. Ban da dogon labarin yadda wuta ta ɗauke ko yaro ya taɓa waya. Ka yi duk maganar ta cikin saƙon eBay, ba ta WhatsApp ba, saboda in rigima ta taso abin da ke cikin tsarinsu kaɗai za su duba. Wanda ya ankarar da kai kuma ka yi masa godiya ta musamman. Irinsu ne ke zama abokan ciniki na shekaru.

Idan gwanjo ya riga ya rufe

Kada ka aika da kayan ka yi shiru. Faɗa wa wanda ya ci gwanjon gaskiyar abin, ka ba shi zaɓi: ya fasa a mayar masa da kuɗinsa cif, ko ya karɓa a kan ragin da kuka daidaita. In ya zaɓi fasawa, ya rubuta hakan a saƙo, sannan ka soke cinikin da dalilin cewa mai saye ne ya nema. Kada ka zaɓi wannan dalilin in bai nema ba. Sokewa da sunan kaya sun ƙare ko sun lalace kuwa tabo ne da ake lissafawa a asusunka, in ya taru tallanka ya daina fitowa a gaba.

In kuma kai kuskuren ya cuta, ciniki ya faɗa. Za ka iya roƙon mai saye ya yafe, amma ba dolensa ba ne.

Idan kayan sun isa hannunsa kafin a gano, tsarin eBay ya ba shi kwana 30 ya kai ƙorafin cewa abin bai dace da bayani ba, kai kuma kwana 3 na aiki ka ba da amsa, kuma kuɗin dawo da kaya a wuyanka yake ko da ka rubuta ba ka karɓar mayarwa. A nan yi lissafi. Kwabon da bai kai kuɗin aikawa ba, mayar masa da kuɗinsa ka bar masa shi. Mai tsada kuwa a dawo da shi da lambar bin sawu, ka auna shi ka gwada da hotunanka kafin ka saki kuɗi.

Wanda ya ba gidan gwanjo irin su Spink na Landan ko Heritage na Amurka kayansa, nasa da sauƙi: ya rubuta wa jami'in da ya karɓi kayan, su za su fitar da sanarwar gyara ko su cire kayan daga jeri.

Ranar da za ka sake sawa, fara sabon talla daga tushe. Kwafar tsohon talla kan jawo irin waɗannan kurakurai, inda shekarar kwabon jiya ke maƙalewa a kan hoton na yau. Ajiye kuɗin a gabanka kana rubutu, ɗauki hoton fuska biyu da na baki, rubuta nauyi da faɗi, kuma kada ka sa lambar daraja ta ma'aunin 1 zuwa 70 sai idan kamfanin tantance sulalla irin NGC ko PCGS ne ya ba kuɗin ita.